Daga Giginya Zuwa Filin Sukuwar Kaduna

Ranar Lahadi, 15 ga Maris 1903, da sassafe, mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru suka ja dāga a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Ga barade a kan dawaki, ga 'yan baka da masu mashi da takobi, tutoci suna kaɗawa. A gabansu rundunar Turawan Ingila ce, wadda ba ta kai mutum dubu ba in an ware 'yan alaron da suka ɗauko mata kaya a ka. Hafsoshin ne kaɗai Turawa. Sojojin baƙar fata ne, da yawansu ma Hausawa. Suka tsaya kusurwa huɗu, kafaɗa da kafaɗa, da igwa da bindiga mai ruwa a tsakaninsu. Kafin rana ta take an gama. Doki bai iya cimma mai bindiga ba, kamar yadda bai iya ba makonni kaɗan kafin nan a Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suna ta binsa gari bayan gari, har Turawa suka tarar da shi a Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'ar har Sudan.

A ranar da Sakkwato ta faɗi, a garin Dange da ke kudu da birnin, aka haifi yaro a gidan sarauta, jikan Sarkin Musulmi Mu'azu, daga tsatson Muhammadu Bello ɗan Shehu. Aka raɗa masa suna Abubakar. Shi ne mutumin da, bayan shekara hamsin da uku, ya zo da dawakin Sakkwato wani gari da babu shi a duniya ranar da aka haife shi, ya tsaya a gaban Sarauniyar Ingila a filin da ke maƙwabtaka da Unguwar Rimi, yana shugaban sarakunan Arewa baki ɗaya.

Kafin zuwan Turawa, ƙarfin sarki a ƙasar Hausa da Borno yana kan bayan doki ne. Wanda ya fi yawan barade da lifidi shi ya fi faɗa a ji. Amma doki yana da iyaka, kuma ba mutum ne ya shata ta ba. Da an gangaro kudu, inda kurmi ya yi duhu a bakin koguna, sai a haɗu da ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa wa dabba sammore, ta rame ta mutu. Bakin kogin Kaduna yana cikin irin wannan ƙasa. Ƙauyukan Gbagyi ne a wurin, cikin ƙasar Zazzau, kuma babu sarkin da ya taɓa tunanin kafa barga a can.

Turawa sun ci ƙasa da bindiga, amma sun san bindiga ba ta riƙe ƙasa in babu hanya. Daga Zungeru, inda Gwamna Lugga ya kafa hedikwata a 1902, sai soja ya yi makonni yana tafiya a ƙasa kafin ya kai Kano, kuma kowane akwatin harsashi a kan mutum yake tafiya. Boren Satiru na 1906 ya ƙara tsorata su. Saboda haka da Lugga ya tafi, aka aiko Sir Percy Girouard a 1907, injiniyan soja ɗan Kanada, wanda ya shimfiɗa wa Kitchener layin dogo a hamadar Sudan lokacin yaƙinsa da Mahdiyyawa. A majalisar Ingila kuwa, wani matashin ƙaramin minista mai suna Winston Churchill ya tsaya wa aikin, yana kwaɗaita wa masu masaƙun Lancashire audugar Arewa. Aka amince a ja layi daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356.

Hannu ne ya yi wannan aiki. Joji ya aika wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya bi gida gida ya tsamo majiya ƙarfi. Wannan shi ne abin da kakanninmu suka kira diban gwamna. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa, a miƙa masa diga da shebur da kwanon sarki. Ya sare daji, ya tone tudu, ya ɗauki ƙasa a ka ya cike kwari, helma yana tsaye a kansa. In an daidaita ƙasa sai a jera katako, a ɗora ƙarfe, a buga ƙusa, jirgin kaya ya matso gaba da wasu ƙarafan, gobe a sake. Ana biyansu da kuɗin ƙarfe na Turawa, su kuma su mayar da shi a haraji, ta haka sule da sisi suka kori wuri daga kasuwa. Wasu sun gudu cikin dare, wasu ciwo ya kwantar da su a sansani ba su koma gida ba. A 1911 ƙarfen ya isa Kano. A 1912 aka haɗa shi da layin Legas a Minna. Audugar da aka sa rai ba ta zo yadda aka so ba. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har buhuna suka fi ƙarfin taragon jirgi.

Inda layin nan ya ƙetare kogin Kaduna, nan Lugga ya sa ido da ya dawo a 1912. Zungeru zafi da zazzaɓi sun dame ta. Nan kuwa ga ruwa, ga jirgi, ga fili, sannan babu fadar wani sarki kusa da za a yi gogayya da ita. A 1913 aka fara kwaso sojoji, a 1917 hedikwatar Arewa ta tare. Aka yanka wa Turawa unguwarsu a arewacin kogi, da manyan filaye da itatuwa, da filin sukuwa da na folo a tsakiya. Masu yi musu aiki, kuku da boyi da mai gadi da ɗan doki da mai yankan ciyawa, suka zauna a gefe, a unguwannin da suka yi ta girma har suka zama gari. Wanda ya san Unguwar Rimi ya san fuskokinta biyu har gobe, ɓangaren manyan gidaje masu shinge da ɓangaren lunguna masu cunkoso. A 1927 layin gabas daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan, Kaduna ta zama mahaɗa. Jirgin ƙasa da bariki ne suka haifi garin.

Turawa ba su yar da doki ba bayan sun karya shi. Sun ga yadda sarakuna ke hawan salla, sun kuma zo da al'adar babban taron sarakuna daga Indiya, sai suka haɗa biyun. Lugga ya tara sarakuna a Kano ranar 1 ga Janairu 1913. A 1925 Yariman Ingila Edward ya hau jirgin ƙasa daga Legas har Kano, aka yi masa hawan daba. Baraden da iyayensu suka yi sukuwa a kan bindiga, yanzu su yi sukuwa su ja linzami a gaban baƙo su yi jinjina. Abubakar yana saurayi a lokacin. Ya yi karatun allo da na littattafai, ya yi malamin hakimi a Dange, ya riƙe sarautar Sardauna a zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Da Hassan ya rasu a 1938 aka naɗa shi Sarkin Musulmi yana da shekara 35. Cikin waɗanda suka nemi gadon tare da shi akwai ɗan uwansa Ahmadu na Rabah, wanda aka ba sarautar Sardauna.

Shekara guda da naɗin, yaƙin Hitila ya ɓarke. Aka sake bi ta hannun sarakuna, wannan karon ana neman soja. Samari daga ƙasar Sakkwato da Katsina da Borno da Bauci, da Tibi da mutanen tsaunukan Jos, suka taru a Zariya da Kaduna, jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, jirgin ruwa ya wuce da su. A 1941 suka shiga Mogadishu, suka kori sojan Italiya har cikin Habasha. Daga 1943 kuma aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama don yaƙar Japan. Dajin Bama ba ya shiguwa da mota. Abin da ya sa Turawa suka ga amfanin sojan Afirka a can shi ne abin da suka sani tun 1903, wato ɗaukar kaya a ka. Dubban samari suka ratsa tsaunuka da koguna da harsashi da abinci da sassan igwa a bisa kansu, jirgin sama yana jefo musu guzuri. Wasu bataliyoyin Nijeriya suka shiga cikin rundunar Chindit a 1944, wasu suka ci Myohaung a Janairun 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya bi su har can ya gaishe su. A gida kuma ana karanta labarinsu a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda ke wucewa ta barikin Dalet a Kawo, ko Kalapanzin a kudancin gari, ko Chindit a Zariya, sunayen yaƙin Bama yake karantawa, ƙasar da 'ya'yan talakawan Arewa suka bar ƙasusuwansu.

Mazan jiya suka dawo da ido a buɗe, zamani kuma ya juya. Tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Sarakunan da a dā sai wasiƙa ke haɗa su, ko yaƙi, yanzu suna zama ɗaki ɗaya a zauren Lugard Hall, suna da masaukai a gari, har wata unguwa ta samu sunan Unguwar Sarki. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce Arewa ba ta shirya ba, a bari sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, aka bi su da ihu tasha bayan tasha a jirgin da ya dawo da su gida. Wannan tafiya ta zauna wa Sardauna a rai. A 1954 ya zama Firimiya. Da aka ce Sarauniya Elizabeth za ta zo a farkon 1956, shi da Gwamna Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe, suka ƙudura cewa a Kaduna za a nuna wa duniya ko mece ce Arewa.

Faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Layin dogo bai je birnin Sakkwato ba, bai kai Maiduguri ba sai 1964. Daga Sakkwato zuwa Kaduna kusan kilomita 500 ne, daga Borno ya haura 700. Tawagogi masu nisa suka yi makonni a hanya cikin hunturu, suna yada zango, 'yan doki suna gaba da dawaki, raƙuma da jakuna suna ɗauke da lifidi da tambura. Kowane doki yana son dawa da harawa da ruwa safe da yamma, yana son turke da inuwa, yana son wanda zai kwana kusa da shi. Sannan ga tsohuwar abokiyar gaba tana jira a bakin kogi. Ba banza ba ne cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa bayan yaƙi, take a Kaduna, kuma har yau magajiyarta tana kan titin Surame a Unguwar Rimi. Duk wanda ya kawo ingarmansa daga Sakkwato ko Borno zuwa wannan ƙasa ya san kasadar da ya ɗauka. Aka kafa sansani na bukkoki da rumfunan zana a bayan gari, kowace lardi da nata ɓangare, ya zama gari guda na 'yan kwanaki.

Sarauniya ta sauka Legas ranar 28 ga Janairu, ta iso Kaduna a jirgin sama. Ranar Alhamis, 2 ga Fabrairu 1956, ta shigo filin sukuwa da doguwar riga da kambi a kanta, mijinta Philip yana gefenta. Shekararta 29. Saura kwana ɗaya a cika shekara 53 da faɗuwar Kano.

Aka busa kakaki, tambura suka amsa. Lardi bayan lardi suka riƙa wucewa. 'Yan bindiga suna gaba, dogarai da jajayen riguna, zagage suna riƙe da linzami, sarki yana tsakiya ƙarƙashin laima, maroƙa suna zuba kirari. Ga 'yan lifidi, doki da mahayi duk a lulluɓe cikin auduga mai kauri da aka ɗinka don tare kibiya, kwalkwali a ka da gashin jimina yana rawa. Ga 'yan sulke, zoben ƙarfe yana walƙiya a ƙarƙashin alkyabba. Sirdi ya sha jalala, goshin doki ya sha ado, likkafa tana ƙara. Sarkin Musulmi Abubakar yana kan gaba a daraja. Ga Shehun Borno Sanda Kyarimi, dattijon da ya ga zamanin Rabe, wanda Rabe ya kashe mahaifinsa Shehu Kiyari. Ga Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, jikan Abbas wanda Lugga ya naɗa bayan an kama Sarkin Kano Alu. Ga Sarkin Zazzau Ja'afaru mai masaukin baƙi, da Sarkin Katsina Nagogo gwanin folo, da Lamiɗon Adamawa Aliyu Mustafa, da Etsu Nupe Muhammadu Ndayako. Mutanen Binuwai da Filato da Kabba, waɗanda ƙasarsu ba ta doki ba ce, suka zo da ƙafa, da rawarsu da gangunansu da kwari da baka. Daga ƙarshe aka yi jahi. Barade suka saki linzami suka nufo rumfar Sarauniya a guje, ƙura ta tashi, sai da suka zo dab suka ja birki wuri guda, dawaki suka yi tsaye da ƙafar baya, hannuwa suka tashi sama da jinjina.

Baƙin da suka zo daga Ingila sun ga mubaya'a. Amma taron yana da wata fuska. Tun da aka kafa daular Shehu har zuwan Turawa, Sakkwato da Borno ba su taɓa zama ƙarƙashin tuta ɗaya ba, har yaƙi an yi tsakanin Bello da El-Kanemi. Tibi da Jukun da Birom ba su taɓa bin kowanne daga cikinsu ba. Ga su duka a fili ɗaya, a garin da ba na kowa ba, kuma wanda ya tara su ɗan gidan Shehu ne mai riƙe da gwamnati. Hanyar da aka shimfiɗa don a riƙa kai soja da sauri ita ce ta koya wa mutanen Arewa hanyar zuwa wurin juna. Garin da aka gina nesa da sarakuna don kada su dami gwamna, shi ya zama zaurensu. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa, kuma rayuwar Sarkin Musulmi Abubakar shaida ce. Bai zare takobi ba ko sau ɗaya, bai kuma bar gidan kakanninsa ya rushe ba.

Da lokacin mulkin kan Arewa ya yi, Sardauna ya zaɓi ranar da kansa: 15 ga Maris 1959, ranar da Sakkwato ta faɗi, ranar da Sarkin Musulmi ya cika shekara 56. A watan Mayu aka sake tara dawaki a filin nan na Kaduna don bikin, Duke na Gloucester yana wakiltar Sarauniya.

Akwai kuma wani mutum da ya kamata a duba a hotunan 1956. A bayan Sarauniya, cikin kakin soja, wani hafsa ɗan Nijeriya yana tsaye, wanda aka zaɓa ya zama dogarinta a wannan ziyara. Sunansa Manjo Johnson Aguiyi-Ironsi. A ziyarar ce aka sa wa rundunar Nijeriya sunan Sarauniya. Bayan shekara goma, daren Asabar 15 ga Janairu 1966, Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda aka haifa a Kaduna har ake kiransa da sunan garin, ya fito da sojoji da sunan atisaye, suka afka wa gidan Firimiya, suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. A daren aka kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde a cikin garin. Mulkin ƙasa ya faɗa hannun Ironsi, shi kuma ya naɗa Hassan, ɗan Sarkin Katsina Nagogo, gwamnan Arewa. Barikin da aka kafa garin dominsa bai taɓa tashi ba, kuma bindigar da ta yi hukunci a Giginya ita ta sake yi a Kaduna. Watanni shida bayan haka Ironsi ma ya bi ta wannan hanya. A 1967 Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida, daga baya aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna.

Sarkin Musulmi Abubakar ya ga duk wannan. A kwanakin tashin hankali muryarsa tana cikin waɗanda suka yi ta kiran jama'a su kwantar da hankali. Yana kan gado aka sake babban hawan daba a Kaduna a 1977, lokacin bikin FESTAC, a filin da yanzu ake kira Dandalin Murtala. Ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 1988, bayan shekara hamsin yana sarauta.

Manyan wannan labari kowa ya samu abin tunawa da shi. Lugga yana da zaurensa, da ƙaramar gadar ƙarfen da aka ciro daga Zungeru aka kafa a lambun Ƙofar Gamji, lambun da yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan. Gidan Sardauna ya zama Arewa House a titin Rabah. Sarkin Musulmi yana da titi da unguwa. Amma ɗan alaron 1903, da leburan diban gwamna, da sojan da ya ɗauki igwa a ka a Bama, da ɗan dokin da ya tako daga Borno ya kwana a turke, da wuya a ga allon da ke ambatonsu, alhali a kan wuyansu aka ɗora komai, tun daga yaƙin har bikin. Jikokinsu ne suka cika Unguwar Rimi da Kawo da Tudun Wada da Kakuri. Otal ɗin Durbar da aka gina don taron 1977 an rushe shi a 2020, tsohon layin dogo ciyawa tana cinye shi, masu zuwa Abuja kuma Rigasa suke nufa. Yaron da ya hau bishiya ya kalli hawan 1956 yana ɗan shekara goma, yau ya doshi tamanin. Irinsu suna nan a zaurukan unguwanninmu, kuma takardun lardi suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Malaman makaranta da ɗaliban tarihi da masu unguwanni su je su zauna da dattawan nan, su ɗauki muryarsu, su rubuta sunan uban kowa da garin da ya fito da aikin da ya kawo shi Kaduna, tun ana samun mai ba da amsa.